Kafaɗa Ta Shida

"Mama, don Allah ki rage murya, baƙi suna falo!"

"Su ji mana! Ƙarya na yi?" Breda ta juya ƙwan da ke kasko da ƙarfi har gwaiduwar ta fashe. "Mutum ya jawo akwatinsa mai taya ran Litinin, ya ja abinsa ran Alhamis, ke kuma kin zauna kina ce min soyayya. Tun kafin a haife ki nake wannan sana'ar, Sorcha. Irinsu nawa na gani? Baƙo ne! Gado yake haya!"

Sorcha ta ci gaba da shafa man shanu a burodi, idanunta sun ciko.

"Joakim ba irinsu ba ne..."

"Haka kowace take cewa."

Gidan saukar baƙi na iyalan Faherty yana unguwar Salthill a birnin Galway, taku kaɗan daga bakin teku. Tun da kamfanonin ƙera kayan asibiti suka cika Galway, gidan bai ƙara sanin kwana babu baƙo ba. Injiniyoyi ne, masu talla ne, masu zuwa taro ne, kowa da jakar kwamfutarsa da gaggawarsa. A cikinsu Joakim ya zo daga Gothenburg ta ƙasar Sweden, duba injuna. Dogo ne, maganarsa a ƙirge, in ka tambaye shi abu sai ya yi tunani kafin ya amsa. Sorcha ba ta san ranar da ta fara ajiye masa ɗakin da ke kallon teku ba. Ta dai farga ne ranar da ta ga tana gyara gashinta duk safiyar Litinin.

Ƙofar baya ta buɗe, Malachy ya shigo da jiƙaƙƙen tawul a wuya, kumatunsa jawur saboda sanyi. Yana cikin tsofaffin nan da ba sa fashin wankan teku a Blackrock, ko da sama za ta faɗo.

"Yau kuma wa ake yanka min a kicin?" ya tambaya yana satar yankan naman alade daga faranti.

Breda ta buge masa hannu. "'Yarka da baƙonta."

"Dogo? Ku bar min Dogo ya sha iska! Yaron da na jefa a ruwan Janairu bai ce uffan ba? Ke da kika taɓa ruwan da ɗan yatsa sai da aka jiyo ihunki a tsibiri."

"Wato shiga ruwan sanyi ne aure?"

"Da me kike zaton na gwada kaina kafin in aure ki?"

Sorcha ta fashe da dariya hawaye na zubo mata. Malachy ya kashe mata ido, ya dafa kanta da hannunsa mai sanyi ya wuce. A duk gidan shi kaɗai ne a bayanta, kuma ta san muddin yana nan, wata rana Mama za ta sauko.

A makon da ya biyo baya Joakim bai zo ba. Akwai babban taro a hedikwatar kamfaninsu, shi ne zai tsaya gaban manya ya yi bayanin aikin da ya kwashe shekara yana yi.

Ran Talata da safe Malachy ya fito daga ruwa, ya zauna a kan dakali yana goge ƙafa, yana tsokanar abokinsa. Abokin ya juya zai rama, ya ga tawul ya faɗi ƙasa. Kafin motar asibiti ta iso an riga an cire huluna, rai ya yi halinsa.

Sorcha ba ta san yadda ta kai rana ba. Sai da ta shige ɗakin wanki ta rufo ƙofa sannan ta iya kiran Joakim.

"Joakim... Baba ya rasu."

Ta jiyo numfashinsa yana rawa.

"A'a... a'a, Sorcha! Malachy? Yaya aka yi? Masoyiyata, yanzu zan nemi jirgi."

"A'a, a'a, kada ka wahalar da kanka. Kana da taron nan. Muna nan lafiya, gida cike yake da mutane."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata mana."

Mu nan garin haka muke, ban san wanda ya koya mana ba. A yi maka tayin shayi, maƙogwaronka a bushe, ka ce a'a ka gode. Mai tayin ya san aikinsa, zai sake, zai kuma sakewa, ko ma ya dire maka kofin bai saurare ka ba. Ko yaron goye a Galway ya ji Sorcha ta ce kada ka wahalar da kanka, ya san cewa take yi taho da gudu, ina mutuwa.

"To, shi ke nan," in ji Joakim a hankali. "Amma jana'izar ba za ta wuce ni ba. Na yi miki alkawari, zuciyata."

Ta rungume wayar a ƙirjinta bayan ya kashe. Zai zo. Bai taɓa faɗin abu ya saɓa ba.

Da yamma Baffa Colm, ƙanen mahaifinta, ya zauna da su a kicin ana tsara yadda za a yi. Gobe a kawo shi gida jama'a su yi ban kwana da shi, jibi a kai shi. An riga an ba gidan rediyo sanarwa, an sa a shafin rasuwa da kowa ke dubawa da safe.

"Saura masu ɗauka," in ji Baffa Colm. "Ni da 'ya'yana biyu, uku ke nan. Kawunki Peadar. Sai Mossie abokin wankansa, ya ce in aka hana shi ba zai yafe ba. Saura kafaɗa ɗaya."

Malachy bai haifi namiji ba. Sorcha ce kaɗai.

"Ta Joakim ce," ta ce.

Breda ta ɗago jajayen idanunta ta dube ta. Kowa a teburin ya san nauyin maganar. Ba kowa ake ba kafaɗa ba. Duk wanda ya shiga ƙarƙashin akwatin mutum a gaban gari, an shaida wa gari cewa ɗan gida ne.

"Sorcha," in ji Breda, muryarta a dashe, "kin san abin da kike faɗa?"

"Na sani, Mama. Abin da Baba zai so ke nan."

Breda ta kawar da kai. Yau babu ƙarfin faɗa.

"To, ya yi," in ji Baffa Colm. "Dogo ne, sai mu haɗa shi da ɗana Donal a baya, tsayinsu ɗaya. In ba a daidaita tsayi ba akwati karkacewa yake."

Ran Laraba aka fitar da teburan karin kumallo daga falo, aka ajiye Malachy a wurin, cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci. Layin masu gaisuwa ya miƙe har titin bakin teku, ana ruwa ba wanda ya motsa. Kowa ya iso ya kama hannun Breda, ya kama na Sorcha.

"Sannu da haƙuri."

"Allah ya jiƙansa, mutumin kirki."

Direbobin tasi da ke kawo musu baƙi sun zo. Manajan babban otal ɗin da ke ƙwace musu ciniki ya zo. Sai ga baƙin gidan kansu. Matar nan mai binciken asusu ta tuƙo mota tun daga Dublin. Mutumin Belfast da bai taɓa kwana bai yi mitar ruwan zafi ba, shi ma ga shi da hula a hannu. Mista Hennessy, gajeren mutumin Cork mai tallan famfunan masana'anta, ya baro taro a tsakiya, ya shigo yana sharɓar kuka kamar ɗan'uwansa ne ya mutu.

Babu wanda aka kira a cikinsu. Ji kawai suka yi.

Duk lokacin da ƙofa ta buɗe sai Sorcha ta ɗaga kai tana neman kan da ya fi na kowa tsayi. Wayarta ta yi motsi a aljihu, ta ciro da sauri.

"Ina tare da ke a zuciya, abar ƙaunata. Ba zan dame ki da kira ba, na san kina buƙatar kaɗaici da danginki."

Kaɗaici? Ta dubi falon da babu wurin sa ƙafa, mata na ta kai-komo da butocin shayi da farantan sanwic. Yatsunta suka fara rubuta masa gobe ne fa, sai ta tsaya. Ita za ta roƙi mutum ya zo jana'izar ubanta? Ai ya yi alkawari. Wataƙila jirgin safe zai biyo. Ta goge, ta rubuta "Na gode" ta mayar da wayar.

Breda na kallonta kawai. Da ma faɗan ta yi, da ya fi sauƙi.

Ran Alhamis, bayan limamin coci ya gama addu'a, maza biyar suka miƙe suka tsaya gefen akwati. Gurbin baya na hagu babu kowa.

Cocin ya yi tsit. Baffa Colm ya waiwayo ya dubi Sorcha. Ita kuwa ƙofa take kallo, tana roƙon Allah a zuciyarta, ya shigo ko da a jiƙe, ko da babu kwat, ko da haki yake... Ƙofar a buɗe take, babu abin da ke shigowa sai iska.

Aka fara tari ƙasa-ƙasa. Aka fara kallon juna.

Mista Hennessy ne ya fito daga benci, ya dubi Breda. Ta gyaɗa masa kai sau ɗaya. Ya gyara rigarsa ya shiga gurbin.

Allah ya saka wa bawan Allahn nan, ya yi iya ƙoƙarinsa, har ɗage yake yi. Amma kansa ko kafaɗar Donal bai kai ba. Haka Malachy Faherty, mutumin da bai taɓa tafiya a sunkuye ba, ya fita daga coci a karkace, gari na kallo. Sorcha ta bi bayansa tana kuka irin wanda ba na mutuwar kaɗai ba.

Bayan nan saƙonninsa suka ci gaba da shigowa, ba ta ƙara buɗe ko ɗaya ba.

Ran Litinin da hantsi aka danna ƙararrawa. Breda ce ta buɗe. Sorcha na saukowa daga bene da zannuwan gado a hannu, ta tsaya cak.

Joakim ne. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Hannu ɗaya fararen furanni, ɗayan kuma sabuwar baƙar kwat cikin ledarta.

"Madam... sannu da haƙuri. Ban san abin da zan ce ba. Na ɗauki hutu, zan zauna har a gama komai. Duk abin da ake buƙata ki sa ni." Ya gyara riƙon furannin. "Yaushe aka tsayar za a yi jana'izar?"

Breda ta dube shi, ta dubi kwat ɗin.

"An yi," ta ce. Ta juya ta shige kicin.

"An... an yi me?" Ya ɗago ya ga Sorcha. "Sorcha, me take nufi?"

"Ran Alhamis muka binne shi."

Furannin suka sauka daga ƙirjinsa a hankali.

"Alhamis? Ran Talata fa ya rasu! A wurinmu sai an yi mako biyu, uku... sai dangi sun tsayar da rana, su aiko wa mutum gayyata..."

"Gayyata?!" Zannuwan suka zube a kan bene. "Biki ne, Joakim? Ubana ne ya mutu! Mutumin Belfast da ke zagin ruwan zafinmu ya zo, wa ya gayyace shi?"

"Na ce zan taho a ranar! Ke kika ce kada in zo!"

"Na ce! To me kake so in ce?"

"Ki ce in zo!"

"Ba a cewa!"

"Na tambaye ki kin tabbata, kika ce kin tabbata..."

"Sau ɗaya ka tambaya! Sau ɗaya, Joakim! Ko shayi ba a yi wa tayi ɗaya!"

Ya tsaya yana kallonta kamar yau ya fara ganinta. Hawaye na bin fuskarsa bai damu ya share ba.

"Na yarda da maganarki ne," ya ce. "Kullum ina yarda da maganarki. Na zauna a ɗakin otal ina kallon wayata, ina hana kaina kiranki don kada in takura miki. Na zaci abin da kike so ke nan."

Nan ne abin ya fi yi mata ciwo, don ta san gaskiya ya faɗa. Da ƙarya ya yi, da wata ce ta riƙe shi, da ta san inda za ta ajiye fushinta. Amma ga shi tsaye da sabuwar kwat, ko farashin jikinta bai cire ba.

"Ki kai ni wurinsa," ya ce. "Don Allah."

Ya shiga ɗaki ya sa kwat ɗin. Ta tuƙa su zuwa maƙabartar kan tudu. Ruwa ya riga ya bugi furannin da aka jibge a kan kabarin, ƙasar ta zama taɓo. Joakim ya durƙusa a cikin taɓon da sabon wandonsa.

"Malachy," ya ce, muryarsa na karyewa. "Dogo ne. Na makara... ka yafe min."

Sorcha ta juya baya ta toshe bakinta.

"Akwai abin da ba ka sani ba," ta ce da ta samu numfashi. "Mutum shida ke ɗaukar akwati. Baba ba shi da ɗa namiji. A gaban Mama, a gaban Baffa, na ce a ajiye maka kafaɗa ta shida. Ka san me hakan yake nufi a nan? Na faɗa wa gari kai ne mijina ke nan. Gari ya tsaya yana jiranka, Joakim. Ni ma ina jiranka. Sai Mista Hennessy ne ya shiga... Baba ya tafi a karkace."

Ya miƙe da ƙyar, ya kamo hannayenta.

"Ki faɗa min abin da zan yi. Ko mene ne. Zan bar aikin, zan dawo nan gaba ɗaya, zan wanke farantai a kicin ɗin mamanki har ta gaji da ganina. Ki aure ni, Sorcha. Ki faɗa min yadda zan gyara!"

"Sau ɗaya ake ɗaukar mutum," ta ce.

"Sorcha..."

"Ina sonka. Allah ya sani ina sonka, kuma na san rabin laifin nawa ne, ko fiye. Amma tun da ka shigo ɗazu ba fuskarka nake gani ba, kafaɗarka nake kallo. Ban san ranar da zan daina ba. Ga Mama ita kaɗai da gidan nan, wanda ke rarrashinta a kanka ga shi a ƙasa. Ba zan iya ba... yanzu dai ba zan iya ba."

Bai ja da ita ba. Shi ba ya ja da magana, shi ne ciwonsu. Ya sumbaci hannunta ya saki.

"Zan koma otal ɗin da ke bakin tashar jiragen ruwa," ya ce. "Ba zan zame miki nauyi ba."

Da suka dawo gida ta haye sama da gudu. Amma ba ta kai ɗaki ba. Ta zauna a kwanar bene inda ba a hango ta daga ƙasa, tana jin sa yana haɗa kayansa, tana jin tayoyin akwatin a kan katako.

Breda na tsaye a zaure tana ninke tawul-tawul a kan tebur. Ta dubi gwiwoyin wandonsa da suka yi dumu-dumu da jar ƙasa. Ta daɗe tana kallonsu.

"Na gode da komai, Madam," in ji Joakim. "Ki yafe min."

Ya kama mariƙin ƙofa.

"Ran ashirin ga wata za a yi addu'ar cikar watansa," in ji Breda, idonta a kan tawul. "A cocin da ke ƙasan layi. Da safe."

Ya juyo a hankali.

"Madam... gayyatata kike yi?"

"Ni? Allah ya kiyaye! Ba a gayyata. Da tawul ɗina nake magana." Ta ninke wani, ta danne shi da tafin hannu. "Kuma waccan da ke laɓe a kan bene tana jin mu, in ka tambaye ta cewa za ta yi kada ka wahalar da kanka. Uwarta ma haka ta ce wa ubanta ranar da ya fara neman raka ta gida. Ya rage naka."

Joakim ya ɗaga kai ya dubi benen. Bai ga kowa ba, sai gefen siket ɗinta.

"Na ji," ya ce.

Ya fita cikin yayyafi, ya ja ƙofar a hankali.

Breda ta ajiye tawul ɗin ta hau benen tana dafa bango, ta zauna kusa da 'yarta a matsattsen wurin. Sorcha ta kifa kai a cinyarta ta saki kukan da take dannewa.

"Mama... zai zo?"

"Ban sani ba, 'yar nan," in ji Breda, nata hawayen na ɗiga a gashin Sorcha. "Babanki dai ya ce ruwan sanyi bai kore shi ba."